Wa Ake Fara Zargi?

A rumfunan shayin Kasuwar Libiya mun sha gardama kan littafin Dogstar Rising na 2013, wanda Jamal Mahjoub, tashin Khartum, ya wallafa da sunan Parker Bilal. Jaruminsa Makana tsohon sufeton 'yan sandan Sudan ne da ya yi hijira zuwa Alƙahira. Ana ta tsintar gawarwakin yara maza a unguwar Imbaba, kuma tun ba a gano makashin ba, zargi ya faɗa kan Kiristoci Ƙibɗawa.

Wasu masu karatu sun ce labarin yana jan ƙafa, wasu sun ce jinin ya yi yawa. A ganinmu, darajarsa tana cikin wannan zargi. Mu da aka haifa a Omdurman amma har yau ake tambayar asalinmu, mun san yadda tsoro ke neman mara gata ya ɗora masa laifi. 'Yan'uwanmu sun ɗanɗana ɗacinsa a Damazin cikin Yulin 2022.

Saboda haka, duk ranar da jita-jita ta tashi a kasuwa, ko a kan wa take, mu fara tambaya: wa ya gani, ina shaida?