Duniya Makaranta: Yadda Kaboyi Ke Koya wa Duƙushi Jan Kaya

Yawancinmu a silima muka san kaboyi, mai wurga igiya ya zarge sa, dokinsa ya tirje. Abin da silima ba ta nunawa shi ne shekarun horon da ke bayan wannan tirjewa.

A yammacin Amurka, doki ma'aikaci ne. Gandun kiwon King Ranch, wanda Richard King ya kafa a Texas cikin 1853, ya zarce hekta 330.000, kuma har yau da doki ake bin garke a can. Sana'ar igiyar kuwa daga makiyayan Meksiko aka gaje ta. Irin dokin da aka fi so shi ne Quarter Horse, mai faɗin ƙirji da ƙarfin cinya, wanda aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa cikin 1940.

Yana da shekara 2 ko 3 ake aza masa sirdi, amma ba a ba shi kaya mai nauyi, domin ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6. Tun mai horo yana ƙasa yake fara shafa masa igiya a wuya, da gadon baya, da ƙafafu, har ƙarƙashin wutsiya, domin igiyar da ta shiga nan ba zato ita ce ke sa doki tutsu. In ya saba, sai a hau shi a riƙa kaɗa igiya bisa kansa, dama da hagu, saboda abin da doki ya saba gani da ido ɗaya yana iya firgita shi ta ɗayan. Daga nan a ja igiya ba komi a bakinta, sannan ƙaramin icce, sannan gungume.

A duk wannan lokaci ba a ƙulla igiya ga sirdi. Naɗa ta ake yi a ƙwacciyar gaba, ta yadda in duƙushi ya tsorata, sai a sake ta nan take. Dokin da ya ruga da gungume ɗaure a bayansa gani yake abin na korar shi, kuma wannan tsoro yana da wuyar fita. Shi ma mahayi yakan tsare babban yatsansa. Kaboyi da dama sun rasa nasu tsakanin igiya da ƙwacciya.

Ranar aiki na gaske ita ce ranar yi wa maruƙa lalas. Ƙaramin maraƙi ake zaɓar wa duƙushi, ya ja shi ƴan taku kaɗan zuwa wurin wuta, a sassauta, a bar shi ya huta. Ƙa'idar ɗaya ce: kada a taɓa ba shi kayan da zai kasa motsawa. Dokin da kaya ya kayar da shi tun fari yakan koyi ƙin ja. Wanda kullum yake cin nasara yakan kai ga riƙe bijimi. Mashahuran masu horo irin su Ray Hunt, wanda ya rasu cikin 2009, a kan irin wannan haƙuri suka gina koyarwarsu.

Mu nan ba mu zarge shanu daga kan doki, amma muna da jakai da shanun amalanke. Ranar kasuwa a Maraɗi ko Damagaram, dubi ƙaramin jakin da aka lafta wa buhunan hatsi, ana bin shi da sanda. Mai shi na ganin ya ci ribar sawu ɗaya, alhali ya rage wa dabbarsa shekarun aiki, ya koya mata gardama. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tun yana ɗanyen ne kuma ya fi saurin lalacewa a hannun mai gaggawa. Ɗan kasuwar da ya san darajar jarinsa, ya lissafa wannan asara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.