Wa Ya Tambayi Mai Biƙi?

Da asuba a Lambara, tun kafin motocin Tambuwal su fara wucewa kan titi, gidan da aka yi haihuwa ba ya ɓoyuwa, hayaƙi ke tona shi. An hura itace ƙarƙashin rabin ganga, ruwa na tafarfasa, tsohuwa ta ɗaure rassan darbejiya tana jiran mai biƙi ta fito. Za ta tsoma ganyen ta fyaɗa mata a baya, a ciki, a cinyoyi, tururi na tashi har ba ka ganin fuska. Safe da maraice, har a yi arba'in.

Ni ban raina wannan al'ada ba. Kakanninmu sun gane cewa haihuwa rauni ce, suka ɗauke wa mai jego daka da ɗebo ruwa, suka mai da mai ɗan fari gidan iyayenta, suka ba ta ƙauri da romo da yaji. A Amurka, da duk dukiyarsu, har yau babu dokar ƙasa da ta ba kowace ma'aikaciya hutun haihuwa da albashi. Ƙorafina ɗaya ne: mun iya lissafin itace da tulunan ruwa, amma ita matar da ake dafa ruwan dominta ba mu tambayar ta komai. 'Yan barka su shigo, a miƙa hannu a karɓi jinjiri, a ce Allah shi raya, a yi gardamar wa ya ɗauko hanci. Uwar tana gefen gado, an ce mata sannu sau ɗaya, an wuce.

Bara na je barkar ɗiyar wata 'yar'uwata, kwana ashirin da haihuwa. Na tarar da ita zaune, ta jingina da matasai uku, ƙafafunta sun cika tamkar an hura. Cikin dare na ji tana tari, tana cewa a hankali, "Inna, in na kwanta numfashina ƙwacewa yake." Innar ta shafa mata kai ta ce, "Sanyi na ya shige ki, ɗiyata. Gobe a ƙara wuta." Da ƙauna ta faɗa, ban da shakka. Aka ƙara wutar, aka dama kunun kanwa mai kauri. Kwana uku bayan haka muka ɗauke ta zuwa Sakkwato tana haki. Likita ya ce zuciyarta ce ta raunana, ruwa ya taru a huhu.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa, suka ɗora zargi kan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa da kuma kanwa. A 2007 Isezuo da Abubakar, na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suka ƙidaya mace 1 cikin haihuwa 102, adadin da ke cikin mafi muni a duniya. Sai dai kada 'yan boko su yi saurin tuhumar tsofaffi. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, bai sami hujjar cewa al'adun jego ke haifar da ciwon ba. Ya fi samun sa wurin ramammun mata, da marasa karatu da sana'a, da waɗanda jininsu ya hau lokacin ciki. Wato talauci na da hannu dumu-dumu. Duk da haka kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta riga ta gaji ba a ɗora mata wannan kaya.

Kumburi ma ana ganinsa da ido. Wanda ba a gani ya fi ba ni tsoro. Mun horar da 'ya'yanmu mata da kunya da dauriya, har abin alfahari ne a ce wance ta haihu ba a ji ko tarinta ba, kuma mai ɗan fari ba ta isa ta yi wa ɗanta wasa gaban mutane ba. To yarinyar da aka koya wa haɗiye naƙuda, yaya za ta buɗe baki ta ce ba ta barci ko jinjirin ya yi barci, abinci ba ya shiga, hawaye na zubo mata ba dalili, wani lokaci ma ba ta son ganin abin da ta haifa? In ta faɗa, a ce butulci ne ga kyautar Allah. In ta yi shiru ta rame, a ce iska ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe irin namu kusan mace 1 cikin 5 na shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Kukan kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka ciwo ne mai magani, kuma ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware nan, ba sai mutum ya yi jifa ake kai shi ba. A yi addu'a, a kuma tashi mota.

Maza, da ku nake yanzu. Kuna samun kuɗin rago da atamfa da goron suna, har da na maroƙa. Hukumar Lafiyar nan ta ce a duba mai jego sau 4: cikin ranar farko, wajen kwana na uku, cikin mako na biyu, da mako na shida. A auna jini, a duba zazzaɓi da warin gaba da zubar da ta wuce ƙa'ida. Duka huɗun kuɗin motarsu zuwa asibitin Shagari ko Boɗinga bai kai cinyar ragon ba. Amma da yawanku kun miƙa mata ga iyayenta kun karkaɗe riga, sai ranar dawowa ku tuna da ita. Arba'in ma lissafinmu ne kawai. Malamanmu na Malikiyya sun sani cewa jinin biƙi kan kai kwana 60, balle ƙashi da zuciya.

Yarinyar nan da muka kai Sakkwato ta rayu. Tana shan ƙwayoyinta, matasai sun koma ɗaya, kuma likita ya kira mijin ya gaya masa gaba da gaba cewa wani cikin nan kusa na iya kashe ta. Innarta ta yarda ta bar kanwa. Wanka kam ta ce sai dai a sirka, amma ba za a ce ɗiyarta ta yi biƙi ba darbejiya ba.