Kibiyar da ke Hannu: Alhakin Kai a Koyarwar Hindu

Galibinmu ba mu san addinin Hindu ba sai ta finafinan Indiya, inda mukan ga gumaka da furanni da raye-raye. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a dubi wata koyarwa tasu guda ɗaya, watau cewa kowane mutum shi ke ɗauke da alhakin rayuwarsa, a ga inda take da amfani da inda take zama makamin zalunci.

Tushen koyarwar shi ne karma, kalmar harshen Sanskirit mai ma'anar aiki. A wurinsu kowane aiki, na hannu ko na baki ko na zuci, yana da sakamako, kuma ga mai shi yake komawa, ko a wannan rayuwa ko a wata, domin sun yi imani ana sake haihuwar rai sau da dama. Batun sake haihuwa ya saɓa wa aƙidar Musulmi da ta Kirista, ba kuwa shi muke neman tabbatarwa ba. Abin dubawa shi ne yadda suka raba abin da ya fi ƙarfin mutum da abin da ke hannunsa.

Malamansu sun kasa karma gida uku, suka buga misali da maharbi. Kiban da ke cikin kwari su ne tarin ayyukan baya waɗanda sakamakonsu bai zo ba tukuna. Kibiyar da ta riga ta bar baka ita ce halin da mutum ya tsinci kansa a ciki, kamar jikinsa da gidan da aka haife shi. Wannan ba mai dawo da ita. Ta uku ita ce wadda aka ɗana a tsirkiya, watau aikin da mutum ke shirin yi yanzu. Yana iya harbawa, yana iya fasawa, kuma shi zai zaɓi inda zai auna. Ke nan wanda ya zauna yana kukan kibiyar da ta tafi, ya yi asarar wadda ke hannunsa.

Haka abin yake a littafin Bagabad Gita, mai babi 18 da baiti 700. Jarumi Arjuna ya tsaya a fagen yaƙi, ya hango danginsa da malamansa a cikin abokan gaba, sai jikinsa ya yi sanyi, ya ajiye baka. Kirishna, mai tuƙa masa keken doki, ya yi masa doguwar nasiha a kan ya tsaya ga abin da ya wajaba a kansa, ya cire kwaɗayin lada daga zuciyarsa. Abin lura a nan shi ne, da nasihar ta ƙare ba a tilasta wa Arjuna ba, zaɓi aka bar masa. Mahatma Gandi, wanda ya riƙi littafin jagora, ya nuna wannan a aikace cikin 1930, sa'ad da ya taka kimanin mil 240 zuwa Dandi ya ɗebi gishiri don karya dokar Turawan Ingila, ya kuma karɓi ɗaurin da ya biyo baya.

Amma fa koyarwar tana da wata fuska. Idan halin da mutum ke ciki sakamakon aikinsa ne na baya, to, mai ƙarfi ya sami hujjar cewa talaka shi ya jawo wa kansa. Da irin wannan hujja aka daɗe ana kare tsarin da ya ware wasu mutane, waɗanda yau ake kira Dalit, aka ce ko taɓa su ƙazanta ne. Dokta Ambedka, wanda aka haifa cikinsu a 1891, ya yi makaranta ana hana shi taɓa randar ruwa. Bai yarda wannan hakkinsa ba ne. A 1927 ya jagoranci jama'arsa suka sha ruwan tafkin da aka hana su a garin Mahad. Daga baya shi ya shugabanci kwamitin da ya rubuta tsarin mulkin Indiya na 1950, wanda sashe na 17 nasa ya soke wannan wariya. A 1956 ya bar addinin Hindu ya koma na Buda tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa.

A ganina, ma'aunin wannan koyarwa shi ne wanda aka ɗora wa ita. Idan mutum ya ɗora ta a kan kansa, takan tashe shi daga lalaci, ta hana shi jingina gazawarsa ga maƙiya ko rashin sa'a. Idan kuwa ya ɗora ta a kan maƙwabcinsa da ke cikin wahala, ta zama hanyar guje wa taimako. Bahaushe ma ya ce abin da mutum ya shuka shi zai girba, amma bai ce a bar wanda fari ya cinye wa gona ya kwana da yunwa ba. Saboda haka duk mai son amfana da wannan hikima, ya fara da binciken aikin kansa, ya kuma tuna cewa yadda ya bi da wanda aka zalunta, shi ma aiki ne da ke wuyansa.