Zaure Ma Ya Isa Wurin Baje Koli

Tun daga ran 1 ga Oktoba, 1996, da aka yanke Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, Lafiya ta zama babban birni. An gina ofisoshi, an kafa jami'ar tarayya, amma masu zane da magina tukwane da masaƙa da masassaƙa na garin kowa yana aikinsa a lungunsa. Yaro mai basira idan ya gama zanensa sai ya rasa inda zai nuna shi, domin ɗakunan nuni na Abuja da Ikko kuɗin hayarsu ba na talaka ba ne. Daga nan sai ya ajiye sana'ar, ya hau motar Kudu neman aikin ƙarfi.

To, da na gaba ake gane zurfin ruwa. 'Yan Arewa mazauna ƙasar Yarbawa sun san Oshogbo. A cikin 1962 ne Duro Ladipo, mai wasan kwaikwayo, ya buɗe ƙungiyar Mbari Mbayo a cikin gidansu, da taimakon wani Bajamushe, Ulli Beier. A 1964 aka tara samari aka ba su fenti da takarda. Cikinsu akwai Jimoh Buraimoh, mai haɗa wa 'yan wasan fitilu, wanda daga baya zanensa na duwatsun ado ya kewaya duniya. Gidan mutum ɗaya ne mafarin wannan duka.

Kusa da gida ma akwai misali. A 1950 Michael Cardew, Baturen Ingila, ya ga tukwanen Ladi Kwali a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, watau Suleja ta yanzu. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta garin, yau kuwa hotonta ne a bayan takardar Naira 20. Da tukwanen nan sun tsaya a bayan ɗakinta, da ba wanda ya san ta.

Saboda haka masu sana'ar hannu na Lafiya kada su zauna jiran Gwamnati ta gina musu babban ɗaki. Mutum biyar ko shida su haɗu, Alago da Eggon da Gwandara da Barebari da Hausawa, su nemi zaure ko ajin makarantar firamare lokacin hutu, a unguwar da haya take da sauƙi. Su jera kayansu kwana biyu, su rubuta kuɗin kowane abu, shiga kuwa kyauta. Wata mai zuwa su koma wata unguwa. A irin wannan zama ne babba yake gyara wa ƙarami hannu, a kuma haɗa kuɗi a sayo fenti da zare a sari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mutanen Lafiya da ke Agege da Idi Araba da Sabon Badun su ma suna da nasu kason. Da yawansu sun gina gidaje a gida, zaurukan suna kulle sai lokacin Salla. Wanda ya ba da aron mabuɗi na kwana biyu bai yi hasarar komai ba. Wanda kuma ya je ganin gida, ya kamata ya sayo tsarabarsa daga hannun yaran unguwarsu, ya biya ba tare da tayin wulaƙanci ba. Kuɗin zane ɗaya yana iya tsai da yaro a kan sana'arsa wata guda.