Shaye-shayen Ƙauye Daga Gona Yake Farawa

Idan aka ambaci shaye-shaye a Lafia, hankali kan tafi kan samarin cikin gari masu zaman majalisa. Amma duk wanda ya san Assakio, Shabu da Kwandare ya san a ƙauye abin yakan faro ne daga gona. Ɗan ƙwadagon da ake biya gwargwadon kunyar doyar da ya tayar yakan haɗiyi tiramol da asuba don kada gajiya ta kama shi, yana ce mata maganin ƙarfi. Da yamma, jiki ya yi tsami, sai ya zarce rumfar burukutu ko ya sayi ogogoro.

Tiramol maganin ciwo ne da likita ke rubutawa, miligiram 50 ko 100. Wadda ke yawo a kasuwannin ƙauye kuwa takan kai 225. Ba ta ƙara wa kowa ƙarfi, ciwon jiki kawai take dannewa, sai yaro ya yi ta aiki yana illata kansa. A hankali ƙwaya ɗaya ta daina isar sa. In ya haɗa ta da giya, tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ta tsayar da numfashi.

Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka yi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A shekarar aka hana maganin tari mai kodin, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa na ta kame tun 2021. Sai dai jami'inta ba zai kwana a kowace gona ba.

Alhakin yana wuyanmu. Mai gonar da ya ga yaro yana aikin mutum uku bai tambayi dalili ba, ya ci riba da lafiyar ɗan wani. Haka mai kemis da ke sayar da tiramol ba takardar likita, da ɗan siyasar da ke raba ta lokacin zaɓe.

Ina roƙon hakimai da dagatan masarautar Lafia su sa ido kan masu tallar magani ranar kasuwa. Limamai da fastoci su ambaci tiramol da sunanta a wa'azi. Manoma su biya ladan da mutum zai samu da ƙarfin da Allah ya ba shi. Yaron da ya riga ya kamu kuwa, asibiti za a kai shi, domin duka da mari ba sa cire ƙwaya daga jini.