Ra'ayinmu: Fitilar Diwali da Duhun Jahilci

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu sun sha ganin bikin Diwali a finafinan Indiya, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi abin da fitilun nan suke nufi. To, ganin kitse ake yi wa rogo in an ɗauka ƙawa ce kawai.

Asalin sunan shi ne Dipawali, wato jerin fitilu a harshen Sanskirit. Kwana 5 ake yi ana bikin, tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba, kuma babban darensa shi ne daren da wata ya ɓuya, duhu ya kai matuƙa. A daren nan ne mabiya addinin Hindu suke jera ƙananan fitilun yumɓu masu mai da lagwani, irin aci-balbal ɗinmu, a ƙofofi da tagogi. A arewacin Indiya suna tuna komowar Rama birnin Ayodiya bayan gudun hijirar shekara 14 da nasararsa a kan Rawana. A kudu kuwa, labarin Kirishna ne da ya hallaka azzalumi Narakasura.

Amma masanansu sun ce duk wannan ɓawo ne. Duhun da ake nufi yana cikin zuciyar mutum: jahilci, da haɗama, da girman kai. Hasken kuwa shi ne sanin gaskiyar ruhi, wanda suke kira Atman. Shi ya sa ake share gida, a biya bashi, a shirya da wanda aka ɓata da shi.

Abin takaici, ƙarar wasan wuta ta so ta danne wannan ma'ana, har hayaƙinsa ya sa Kotun Ƙolin Indiya ta hana sayar da kayansa a Delhi gabanin bikin 2017. Haka al'ada take zama in an riƙe kwasfa an yar da ƙwaya.

Mu da ke jami'a, wannan hannunka-mai-sanda ne. Fitila guda takan kunna dubu ba tare da haskenta ya ragu ba, haka kuma ilimi yake. Digirin da bai kore girman kai daga zuciyar mai shi ba, bai kuma haskaka wa na baya hanya ba, hayaƙi ne da ƙara kawai. Saboda haka kowannenmu ya tambayi kansa: wa na kunna wa fitila a bana?