Simba bai ci sarautar nan da guminsa ba: zare kan The Lion King da 'yar Bora

1/ Zan faɗi abin da zai ɓata wa 'yan zamaninmu rai. The Lion King fim ne mai kyan zane da daɗin kiɗa, amma akwai ha'inci a ginin labarinsa. Tatsuniyar Ruwan Bagaja da kakanninmu ke yi mana a tsakar gida ta fi shi ƙashin baya. Ku bari in gama kafin ku fara jifa. Zaren da tsawo fa.

2/ Ga abin da ya tayar da maganar. Na dawo gida Kazaure hutun makaranta, na je wajen masu turi aka sa min na 1994 ɗin a waya don ƙannena. Da daddare ba wuta, muka jingina wayar da tulu, yara bakwai a kan tabarma ɗaya. Da Mufasa ya mutu har da masu kuka. Ni ma sai da na kau da kai.

3/ Washegari na same su a soro suna wasan fim ɗin. Ƙanina ɗan shekara takwas shi ne Simba, ba gardama. Sai na ji ya ce wa almajirin da ke mana aike: "Kai ne kura, tunda kullum yunwa kake ji." Yaran suka yi dariya. Almajirin ma ya yi, irin dariyar da ba ta kai ciki ba.

4/ Ba wanda ya koya masa wannan da baki. A cikin minti 88 fim ɗin ya jera masa duniya: ga mai gida, ga bare, ga wanda yunwarsa laifi ce. Yaro ba ya riƙe wa'azin da aka yi a fim. Abin da yake riƙewa shi ne wa ya ci, wa ya faɗi, kuma don me. Wannan shi nake nufi da ginin labari.

5/ Bari in fara da yabo, kada a ce hassada ce. Daga buɗe fim zuwa mutuwar Mufasa gwaninta ce tsantsa. An nuna mana yaro mai ɗokin mulki, da baffansa Scar mai jin haushin an haifi wanda ya tare masa hanya. Kowane fage shi ke haifar da na gaba, ba a saka komai don cike gurbi ba.

6/ Scar ya zuga Simba ya je makabartar giwaye. Kuraye suka kusa cinye shi, uban ya ceto shi. Daga nan Scar ya gane lagon Mufasa: zai jefa kansa cikin kowace halaka don ɗansa. Da wannan lagon ya kashe shi a turmutsutsun kwazazzabo. Tarko na farko shi ya koyar da na biyu. Nan kam na sara wa Disney.

7/ Bayan nan ne katangar ta fara tsagewa. Tambaya ɗaya nake so ku riƙe: me Simba ya YI da ya cancanci komawa kan gadon? Ban ce ɗan waye ba. Me ya aikata?

8/ Ya gudu. Timon da Pumbaa suka tsince shi, suka koya masa cin ƙwari da rayuwar ba ruwana. Girmansa gaba ɗaya, daga ɗan yaro zuwa ƙato mai geza, an wuce shi cikin 'yan daƙiƙoƙi suna tafiya a kan gungume ana waƙa. Shekarun da ya kamata su gina shi su ne aka yi wa tsallaken baɗake.

9/ A can bai koyi farauta ba, bai koyi shari'a ba, bai ɗauki nauyin ko ƙadangare ba. Sai Nala ta zo ta same shi da labarin gida ya lalace, ya ce ba ya zuwa.  Sai uban ya fito a gajimare ya tuna masa shi ɗan waye, sannan Rafiki ya ƙwala masa sanda a ka. Shi ke nan, ya juya gida a guje.

10/ Ku lura: sau uku ana tura shi, duk daga waje. Kuma abin da ya motsa shi a ƙarshe ba halin da uwarsa ke ciki ba ne, don Nala ta faɗa masa bai motsa ba. Tunin asalinsa ne ya tashe shi. Wato jini ne hujjar, ba aiki ba.

11/ Za ku ce ai yana fama da nauyin zuciya, yana ganin shi ya jawo mutuwar ubansa. Haka ne. To ya aka warware? Scar da bakinsa ya raɗa masa cewa shi ya yi kisan, a daidai lokacin da ya riga ya yi nasara, saura kawai ya sake shi ya faɗa wuta. Marubuta sun rasa mafita, sai suka sa mugu ya yi wauta.

12/ Ko kashe Scar ɗin ma ba shi ya yi ba. Kurayen da Scar ya ɗora wa laifi su suka gama da shi. An wanke hannun ɗan sarki tas. Ya hau dutse, ya yi ruri, ruwan sama ya wanke ƙasa, ciyawa ta dawo. Mulkinsa ko na yini ɗaya ba a nuna mana ba, sai dai haihuwar magaji.

13/ Maganar ruwan nan ta tsaya min a rai. Manomin Gwiwa ko Babura ya san abin da ake nufi idan damina ta yi tsaiko gero ya fara naɗe ganye. Na sani manya kan ce zaluncin shugaba na hana ruwa. To ko da hakan, adalci ne ke dawo da shi. A fim ɗin nan sama ba ta jira adalcin Simba ba, dawowarsa kawai ta gani.

14/ Su wa suka zauna suka sha wuyar mulkin Scar? Zakokin mata. Su ke farauta. Sarabi ce ta tsaya gabansa ta ce masa abinci ya ƙare, dole a tashi, ya kai mata duka. Nala ce ta fita neman taimako, kuma ita ke kayar da Simba tun suna yara har suka girma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

15/ Yanzu kurayen kansu. Suna zaune a wajen iyaka, inda haske ba ya kaiwa, cikin ƙasusuwa. Me Scar ya yi musu alkawari har suka bi shi? Ba zinariya ba, ba sarauta ba. Abinci. Fim bai taɓa tambayar me ya sa suke can ba, ko wa ya shata iyakar. Da aka gama yaƙi bai sake waiwayarsu ba.

16/ Abin haushi, ko a dawa ba haka abin yake ba. Hans Kruuk, wanda ya yi shekaru yana bin kuraye a Serengeti da Ngorongoro ya fitar da littafinsa a 1972, ya nuna kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce da kanta, kuma sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace abin da ta kama. Fim ya juya ɓarawo da mai kaya.

17/ Na san mai cewa: "Malam, a tatsuniyarku ma ai kura ce sakarya mai haɗama." Gaskiya ne, ban wanke mu ba. Amma kurar tatsuniya ita kaɗai ce, halinta ake wa dariya, gobe kuma Gizo ne zai sha kunya. A nan kuwa al'umma guda aka yi wa tambari: shigowarsu gari ita ce lalacewar gari.

18/ To mu zo kan Ruwan Bagaja. Ba littafin Abubakar Imam na 1934 ba, tatsuniyar ta baka, yadda kakata ke ba mu ita a Roni. Miji da mata biyu, Mowa da Bora, kowacce da 'yarta. 'Yar Mowa ta yi fitsarin kwance, aka ɗora wa 'yar Bora, aka kore ta ta je ta wanko ƙirgin a ruwan Bagaja.

19/ A hanya tana cin karo da koguna na abubuwan marmari, kowanne na tayin ta tsaya ta ci, ta wuce. Ta isa gidan Cinya da Kare, Cinya na gurnani Kare na fassara. Ba ta yi dariya ba, ta gaishe su. Aka ba ta ƙwayar shinkafa da ƙashi ta dafa, ba ta raina ba, tukunya ta cika.

20/ Da za ta koma aka ba ta zaɓin ƙwai, ta ɗauki ƙarami, ta fasa inda aka ce ta fasa, ta shigo gari da dukiya. Sai Mowa ta tura tata 'yar. Hanya ɗaya, koguna ɗaya, Cinya ɗaya. Ta ci, ta yi izgili, ta zari babban ƙwai, ta fasa inda aka hana ta. Ta dawo da abin kunya.

21/ Kun ga dabarar? An bi hanya sau biyu, ba a canza komai ba sai mai tafiyar. 'Yan kimiyya a makaranta haka muke yin gwaji: ka riƙe komai, ka sauya abu ɗaya. Yaro ɗan shekara biyar zai gane da kansa cewa hali ne ya raba su. Ba sai an tsaya an ce masa "darasin shi ne" ba.

22/ Yanzu ku yi wa Simba wannan gwajin. Sa wani ɗan zaki mara gata a gurbinsa, ya yi duk abin da ya yi. Zai zama sarki? Ina! Bar Simba ya ƙara shekara biyar yana cin tsutsa. Zai rasa gadon? A'a, yana jiransa. Idan halin jarumi ba ya canza ƙarshen labari, to ado ne kawai.

23/ Tatsuniyar ma tana da nata tabon. A ƙarshenta kutare da makafi ne ake haɗa 'yar Mowa da su a matsayin horo, kamar su ba mutane ba. Duk mai mayar da ita katun dole ya gyara wannan. Amma wannan ƙofa ɗaya ce za ka sauya. Na Simba kuwa a harsashi matsalar take.

24/ Kada wani ya ce sarauta nake zagi. Ko a masarautunmu jini kaɗai ba ya isa: akwai masu zaɓen sarki da ke zama su duba 'ya'yan gidan, su auna. A Dutsen Mufasa ba majalisa, ba shawara, biri ya ɗaga jariri sama, barewa da jakin dawa suka durƙusa wa mai cinsu. Disney ta fi mu gargajiya.

25/ Kuma su ma sun ji a jikinsu. A 2024 suka fitar da Mufasa: The Lion King na Barry Jenkins, inda aka ce Mufasa ba ɗan sarauta ba ne, ɓataccen yaro ne da ambaliya ta raba da iyayensa, Taka wanda ya zama Scar shi ne ɗan sarki. Shekara 30 kafin su ba wa gidan dalilin da ya wuce jini.

26/ Kuna son ganin katun da ya yi tambayar da Simba bai yi ba? Kirikou na Michel Ocelot, 1998. Kowa a ƙauyen tsoron Karaba yake, yaron kaɗai ke tambayar me ya sa ta zama muguwa. Amsar ita ce ƙaya da aka soka mata a gadon baya. Ya cire. Iyaye ku fara kallo tukun, akwai rashin sutura a zanen.

27/ Ga inda abin ya shafe mu. Samarinmu da yawa na koyon Blender a kwamfuta, burinsu katun na Hausa. Da zarar sun nemi yadda ake gina labari, sai a miƙa musu "tafiyar jarumi" ta Joseph Campbell, wadda Christopher Vogler ya taƙaita wa Disney kuma ya yi aiki da ita a kan Lion King ɗin.

28/ Awo ne mai amfani, ban ce a yar ba. Amma idan muka kwafe shi ido rufe, Simba za mu samu da rawani: ɗan gata ya ɓata, ya dawo, gari ya yi guɗa, talakawa na bango suna tafi. Alhali muna da namu awon na tafiya biyu a hanya ɗaya, wanda jarumarsa ita ce yarinyar da aka fi rainawa a gidan.

29/ Masu cewa "katun ne fa kawai, ka cika zurfafawa": ku je ku faɗa wa almajirin nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a yanzu waya ce ke tanƙwarawa, ba kaka ba. Ban ce a hana yara kallo ba. Cewa na yi a zauna da su, in an gama a tambaye su: kurayen nan me za su ci gobe?

30/ Ni na yi wa nawa wannan tambayar. Ƙanin nawa ya yi shiru, can ya ce Simba ya ba su rabi. Na ce to me ya sa babansa bai ba su ba tun farko? Har yanzu bai amsa ba. Daren nan Ruwan Bagaja za mu yi, da almajirin a kan tabarmar. Mai ja ya kawo hujja a ƙasa, ban da zagi. Ƙurunƙus.